Shanu Uku da Ban Tsaya a Cinikinsu Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Talata.

Ni dillalin shanu ne a nan Jos, gidana a Dilimi. Ƙa'idata ɗaya ce tun ina saurayi, ba na tsayawa a cinikin saniyar da ban san mai ita ba. Kowa a kara ya san haka, shi ya sa in aka ce ni na tsaya, magana ta ƙare.

Zan bi abin daki-daki. Mijin babbar 'yata haifaffen Chadi ne, tun yana yaro aka kawo shi nan, daga baya ya nemi takardar zama ɗan ƙasa aka ba shi, har ni na sa masa hannu. 'Ya'yansu huɗu. Watan jiya ya sayi shanu uku a bakin hanya saboda araha, bai kai su kara ba, bai nemi dillali ba. Ashe na sata ne, mai su ya gane tsagar kunnensu. Da 'yan sanda suka tambaye shi wa ya tsaya a cinikin, sai ya kira sunana. Ni kuwa ko ƙahonsu ban gani ba.

Da aka ba da belinsa na yi masa faɗa sosai. Ya ce tsoro ne, wai ya ji ana son kawo dokar ƙwace takardar zama ɗan ƙasa daga hannun irinsu in kotu ta kama mutum da laifi, kuma a Chadi ko kabarin ubansa ba zai iya nunawa ba. Na tambayi lauyansa, ya ce dokar ba ta wuce ba. Na ce ba za ta wuce ba? Ya hau tattara takardunsa.

To, kotu ta kira ni shaida ranar Talata. In na ce na tsaya, na dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, kuma dole in kira sunan wanda ya sayar, ban san shi ba. In na ce ban tsaya ba, da bakina na ɗaure uban jikokina, wataƙila na raba shi da ƙasar ma gaba ɗaya.

'Yata ba ta roƙe ni komai ba. Jiya ta zo ta wanke rigar da zan sa zuwa kotu, ta goge, ta ajiye a kan gado, ta ce Baba sai Talata.

Jama'a, me zan faɗa wa alƙali?