Fiyar Onyekachi

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Likita ya ɗora ni a sikeli, ya girgiza kai. Ya ce in na koma Litinin mai zuwa ban ƙaru ba, gado zai ba ni, a zura min robar abinci ta hanci. Ni Habibullah, da na tsufa ina ba mutane umarni a ofis. Tun da zazzaɓin nan ya sake ni harshena ya mutu. Tuwo, zuma, kilishi, duk kamar takarda nake taunawa. Matata Mero tana dafawa, ina turewa.

Talata, 7 ga Mayu

Onyekachi ya zo duba ni daga Sabon Gari. Tun muna buga ƙwallo ba takalmi a Rijiyar Lemo muke tare, har yau bai daina yi min wa'azi ba. Ya kawo fiya uku daga shagon matarsa. Ba irin tamu mai ƙwallo a ciki ba, 'yar waje ce, koriya, mai dogon wuya kamar ɗan gora.

"Alhaji, kar ka ci yau," in ji shi. "Wannan sai an cire ta daga bishiya take nuna. Ajiye ta kusa da ayaba, ka riƙa danna wuyanta. Kuma da ɓawonta ake ci, yana gyara ciki."

Yana fita na yanka ɗaya. Tauri kamar ɗanyen dankali. Saura biyu.

Laraba, 8 ga Mayu

Koko rabin kofi. Shi ke nan.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ikon Allah. Na sa fiyar a faranti a bakin taga, tun hantsi nake kallo. Koren nan yana janyewa, ruwan ɗorawa yana hawa daga ƙasa, da wasu 'yan ɗigo-ɗigo a fatar da ban lura da su ba sai yau. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, an raba ta da uwarta a wata ƙasa, ta ƙetare teku cikin sanyi, ta sha hanya har Fagge, ba saiwa ba ruwa, amma tana nan tana aikinta a ciki. Wa ya gaya mata lokaci ya yi? Subhanallah.

Mero ta leƙo ta ce, "Malam, da kallo yana sa ƙiba, da yanzu ka karya sikelin likita." Wai tun daga tsakar gida take jin ƙamshinta. Ni ban ji komai ba, abin ya ba ni haushi.

Babbar cikinsu, wuyanta ya yi laushi. Ban yanka ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na yanka babbar bayan an sauko daga masallaci. Waje kyakkyawa, ciki ya koma ruwan ƙasa, ya narke. Ashe daga ciki take fara nuna, kafin a gani a waje ta yi nisa. Na ce wa Mero zafin gari ne. Gaskiya tsoro ne ya sa na jinkirta. In na ci wannan ma na ji takarda fa?

Saura ɗaya, ƙaramar.

Asabar, 11 ga Mayu

Bayan asuba na danna wuyanta, ya ɗan lotsa. Na yi bismillah na gatsa da ɓawon.

Farko sanyi kawai, da ruwa yana bin gemuna, da wani ɗan yashi-yashi mai laushi a haƙori. Sai can gefen harshe wani abu ya motsa, kaɗan, kamar mai sallama daga zaure. Zaƙi ne. Na tsaya cak, na ƙi haɗiyewa don kada ya tafi. Bai tafi ba. Shekara sittin da wani abu ina cin abinci, ban taɓa sanin kyauta ce ake ba ni kullum ba. Na cinye har gindin tsinken, na lashe yatsu kamar yaro.

Ban gaya wa kowa ba, kada ya zama mafarki ne.

Lahadi, 12 ga Mayu

Gobe asibiti. Na kira Onyekachi ya ƙaro, don dai matarsa ta yi ciniki.

Da rana Mero ta kawo tuwo da miyar kuka. Na ci, na ce ta ƙara, kada ya yi kwantai. Sai na ce mata gishirin miyar ya yi yawa, don ya yi yawa ɗin.

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Malam, me ka ce?"

Na maimaita. Ta juya baya tana share ido da bakin mayafi. Ban ga abin kuka a maganar gishiri ba.