Inuwar Ganuwa da Ƙofar Mifle

Zuwa ga yayata Falha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abu Nayif da yara, da zafin Kuwait. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana fita duba awaki.

Yaya, abin da ke cina zan faɗa miki. Masu tonon tarihi sun dawo tudun bayan garinmu, inda mutanen da, tun kafin a san rubutu, suka kewaye gidajensu da ganuwar dutse. Tun rasuwar Baba nake sa ran gadon muƙaminsa na shugabancin leburorin tonon, tunda ni ne babba a maza. Ranar rabon wurare, Dakta mai jagorantar aikin ta ba ni gangaren gabas inda rana ke gasa mutum, ta ba ƙanenmu Mifle gindin ganuwa. Na ce ina aka taɓa yi, babba a rana, yaro a inuwa? Dattawa suka goya min baya, muka yi musanya. Kafin azahar digar yaron nan ta ci karo da dokin ƙofar tsohon garin, ƙofar da Baba ya tsufa yana nema. A ramina fa, Yaya!

Yanzu kowa Ƙofar Mifle yake cewa. An yanka rago an dafa mansaf, shinkafa da naman nan namu na biki, aka ajiye kan ragon a gabansa, ni kuma aka bar ni da zuba masa miyar nono. Umma ta yi guɗa har muryarta ta dushe, tana gaya wa maƙwabta wai tun yana goye idonsa kaifi gare shi. Yaron da ya koyi riƙon diga a hannuna! Wallahi kishi nake, ba zan ɓoye miki ba. An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, to nawa dai ya hau tudu ya bar ni.

Jiya Dakta ta naɗa Mifle shugaba. Na haɗiye girman kai, na roƙe shi ya sa ni a gangaren yamma, ko Allah zai sa akwai ƙofa ta biyu. Sai ya sumbaci goshina a gaban jama'a, ya rantse muddin yana raye yayansa ba zai sake tsayuwa a rana ba. Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Ga ni nan a gindin ganuwa, ina tankaɗe ƙasar da wasu suka haƙo.

Ki gaishe min da Abu Nayif, da Nayif, da 'yar auta Hamda. Umma na gaisuwa. Mifle ma ya ce in gaishe ki, to na isar.

Ƙanenki Auda,
daga inuwa.