Daktan da Kika Ce Kina Jira

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Ladi,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa muna nan unguwar Nasarawa ta Kaduna, a gidan da kika bar mu. Surukarki Rifkatu tana gaishe ki, jikokinki ma haka. Nan ne wurin da ya kamata in rubuta cewa ina fata kina lafiya, amma na san amsar da za ki ba ni, kuma amsar nan ce ta zaunar da ni rubutu yau.

Lahadi mai zuwa ikilisiya za ta yi sujadar godiya saboda digirin da na kammala. Dattawa sun sa an goge allon da ke bakin coci, an sake rubuta sunana, an sa "Dakta" a gabansa da jan fenti. Matan zumunta har anko suka yi. Kowa murna yake, ni kuwa kullum ta bayan coci nake zagayawa in shiga ofis don kada in ga allon.

Kin tuna ranar da makarantar tauhidin nan ta Amurka ta ɗauke ni? Na same ki a ƙofar gida kina suyar masa, ma'aikatan masaƙa sun kewaye tanda kowa da kwanonsa. Na yi miki bayani dalla-dalla. Na ce digiri na uku ne a kan aikin hidima, ba barin ikilisiya zan yi ba. Zan riƙa zuwa can da damina in yi 'yan makonni, in dawo in yi bincike a cikin mutanena, in rubuta littafi, a ƙarshe a kira ni Dakta. Duk dogon bayanin nan kalma ɗaya kika tsinta. Kika ajiye cokali kika rangaɗa guɗa, har masar da ke kan wuta ta ƙone.

Kafin rana ta take, duk layinmu an ji cewa ɗan Mama Ladi zai zama dakta. Washegari wani direban bas ya tare ni a hanya, ya naɗe wando ya nuna mini kumburin ƙafarsa. Na dawo na ce miki, Mama, ki daina tara mini marasa lafiya, ni ba likita zan zama ba, ko allura ba zan riƙe ba. Kika ce, "Dakta dai dakta ne, ni ban san wani rabe-rabe ba."

Na yi dariya na bar ki. Ke da kika yi 'yan matancinki kina tafasa allurai a asibitin mishan na ƙauyenmu, ba ki ganin girman kowa kamar mai farar riga. Sai na ɗauka tsohon buri ne ya taso miki, kuma ban ga laifin tsohuwa ta ji daɗinta ba.

Ban taɓa zaunar da ke na gaya miki abin da nake bincike a kai ba, bari in gaya miki yanzu. Lokacin masaƙu sun fara sallamar ma'aikata, gidaje sun cika da ciwon da ba a faɗa. Na lura za ka je gaida mutum yana kwance, numfashi ma da ƙyar, ka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Fasto ya yi addu'a daga tsaye ya wuce, ba a jima ba a kira shi jana'iza. Sai na rataya rikoda na shiga gida-gida, Kakuri, Unguwar Boro, har Kamazou inda gonaki suka fi gidaje yawa, ina tambayar mutane me ya sa suke cewa da sauƙi alhali babu.

Abin da na rubuta shi ne, "da sauƙi" ba labarin jiki ba ne. Kara ce mai ciwo yake yi wa mai gaisuwa, don kada ya ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Na ce makiyayi na gari ba ya karɓar wannan amsa daga bakin ƙofa. Ya shiga, ya zauna, ya dubi kwanon abinci ko an taɓa, ya dubi fuska, tunda labarin zuciya fuska ake tambaya. Malamaina turawa sun yaba sosai. Ɗaya ma ya sa na tsaya gaban aji ina koya musu faɗin kalmar, suna ta fama, harshe ya ƙi ba su haɗin kai.

A daidai wannan lokacin zaninki ya fara yi miki yawa. Tuwo sai ki taɓa ki ture wa yara. Kika koma suya kina jingine da bango, hannu ɗaya dafe da ciki. Kowace safiya nakan leƙo ɗakinki, rikoda a kafaɗa, in ce Mama ya jiki, ki ce da sauƙi, in ce Allah ya ƙara sauƙi, in tafi neman marasa lafiyar wasu gidaje. Inuwar giginya ke nan, Mama, na nesa suka sha.

Ba wai ban ce mu je asibiti ba. Na faɗa, Rifkatu ta faɗa, har rai ya ɓaci. Amsarki ɗaya ce kullum: "Me zai kai ni wurin daktan wasu, ga nawa a kan wuta ya kusa nuna?" In sake bayani daga farko, ki ɗauko waƙar zumunta ki riƙa rerawa ƙasa-ƙasa har in gaji in tashi. Na taɓa ba da labarin nan a taron fastoci, aka yi ta dariya, ni ma ina yi.

Tafiyata ta ƙarshe ita ce ta kare littafin a gaban malamai. Na riga na ɗaga ta sau ɗaya saboda halin da ikilisiya ta shiga, makaranta kuma ta ce ba za a sake ɗaga mini ba, ko in zo wannan daminar ko duk wahalar ta tashi a banza. A tsakar gida na gaya wa Rifkatu haka, kina gefe kina tsintar shinkafar masa, kanki a sunkuye kamar ba ki ji ba.

Ranar tafiya kin riga kowa shiri. Kin ɗaura zanin zumunta, kin sa kwalli, kika zauna a gabana kika cinye masa guda cur don in gani. Kika raka ni har bakin titi da ƙafarki, ba ki dafa kowa ba. Na ce in jikin ya matsa a sanar da ni, zan bar komai in dawo. Kika ce, "Ba a sauke tukunya sai ta nuna. Je ka, ina nan ina jiran daktana."

Can kuwa komai ya tafi daidai. Malamai suka zauna a bayan dogon tebur suna yi mini tambayoyi. Ɗaya ya ce, to idan mai ciwo ya ƙi faɗin gaskiya fa, me fasto zai yi? Na ba shi amsa mai kyau, Mama, har yana gyaɗa kai. Da aka gama, babbansu ya miƙo hannu ya kira ni Dakta, shi ne mutum na farko da ya faɗa da gaske. Ba abin da ya zo mini a rai sai guɗarki, da masar da za ta sake ƙonewa.

Da na sauka Kaduna, ban ga Rifkatu ba. Baba Dogo, babban dattijon ikilisiya, shi ya zo da motar coci. Ya karɓi jakata, ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni abincin turawa, ya yi ta jan zance, mutumin da magana ba ta dame shi ba. Muna kan gada, kogi ya cika ya yi ja, na ce Baba, ya jikin Mama? Bai dube ni ba. Ya kafa wa titi ido ya ce, "Da sauƙi."

Shekaru na yi ina bin kalmar nan gida-gida, ranar ce kaɗai na ji ta da kunnen da ya kamata. Da muka shigo layi na hango tandarki a kife jikin bango, murhu an share shi tas, ko toka babu.

An riga an kai ki ƙauyenmu, an kwantar da ke kusa da kabarin mahaifina, wani fasto ne ya yi miki addu'ar ƙarshe. Dattawa suka ce ke kika sa su alkawari kada a buga mini waya sai na gama. Rifkatu ce ta riƙe ki har numfashi ya tsaya, kuma har yau in na ambaci sunanki sai ta tashi ta shiga kicin.

Ina zaman karɓar gaisuwa, duk wanda ya zo sai in ce masa, da Mama ta gane ba likita zan zama ba, da ta yarda an kai ta asibiti. Da wannan nake rarrashin kaina, cewa rashin sani ne ya ɗauke ki. Ƙawarki Mama Talatu ta ji na faɗa, ta bari sai da mutane suka ragu, ta matso ta ce, "Fasto, wace ce ba ta gane ba? Ladi da ta girma a cikin likitoci, ita za ka koya wa bambancin dakta da likita?"

Ta ce tun kafin ruwan farko ku biyu kuka je asibiti a ɓoye. Likita ya duba ki ya ce sai an yi aiki, ko an yi ma babu tabbas, kuma a zo da babban ɗanki ya sa hannu. Kuna fitowa kika ce mata hannun da ya sa a wannan takarda ba zai ɗauki jaka ya hau jirgi ba. Kika ja mata kunne, ita kuma ta riƙe amana.

Ashe duk lokacin da nake miki bayani kamar ƙaramar yarinya, kina kallona ne kawai. Kin san ina son in ga na fi ki sani, sai kika ba ni abin da zan yi dariya a kai don kada in duba cikin kwanonki.

Ina fushi da ke, Mama, gara in faɗa. Wa ya ce miki na fi son takarda a kan ki? Me ya sa ba ki bar ni na zaɓa ba? Wataƙila aikin ba zai yi ba, na sani, amma da na zauna a gefen gadonki, da na riƙe miki kofi, da na ji abin da za ki ce mini a ƙarshe. Na zauna a gefen gadajen mutane da yawa a garin nan, naki kaɗai aka hana ni. In fushin ya lafa kuma sai in tuna masar nan guda da kika tura cikin da ba ya karɓar abinci, kina murmushi, sai in rasa inda zan sa kaina.

Na so in ce wa dattawa a fasa sujadar, a goge jan fentin. Jiya na kusa faɗa, sai na ga in na yi haka na kifar da tukunyar da kika tsaya a kanta da ranki. Don haka ranar Lahadi zan sa rigar digirin da hularta, zan shiga ta ƙofar gaba, in wuce ta gaban allon. In matan zumunta suka yi guɗa zan tsaya in saurara har su gama, ko da yake na san muryar da ba zan ji ba.

Ya Ubangiji, ka riƙe baiwarka Ladi a wurin hutunka, ka saka mata da abin da ɗanta bai samu ya yi mata ba. Ka ta'azantar da Rifkatu da Mama Talatu, waɗanda suka ɗauki kayan da nawa ne. Ka cire mini wannan fushi a lokacin da ka ga dama, ka kuma ba ni ƙafar shiga ɗaki in zauna. Amin.

Mama, ya jiki? Na san me za ki ce, kuma a inda kike yanzu, wannan karon gaskiya ne. Ni kuwa in kin tambaye ni, ba zan yi miki kara ba: babu sauƙi tukuna.

Daktanki ya dawo, bai same ki ba.

Ni ne ɗanki,
Bulus