Kwanon da ke cikin firji

Hadi,

Na tafi garin Xintang duba wandunan nan, sai la'asar. Ban tashe ka ba.

Jiya na ji ka a baranda kana yabon shukar maƙwabcinmu Abdul-Gafaru, wai hannunsa da albarka. Iri ɗaya muka saya, rana ɗaya, a titin Huanshi Lu, irin furen da ake shukawa sau ɗaya ya riƙa dawowa duk shekara. Nasa ya tsiro, ni wata biyu ina ba ƙasa ruwa. Littafi uku na karanta a kan shuka, shi kuwa takardar irin ma a juye ya riƙe ta.

Bayan sallar asuba na danne zuciyata na tambaye shi. Ashe irin arewacin China ne, ba ya tsirowa sai ya sha sanyi, sanyin Guangzhou kuwa bai isa ba. Mantawa ya yi da nasa a firji, sati shida, kusa da kifi. Albarkar ke nan.

Shuɗin kwanon da ke firji, mai jiƙaƙƙen yashi, ragowar irina ne. Kada ka zubar, kada kuma ka gaya masa.

Sannan na ji ka ce masa Baba. Ka riƙa ce masa Alhaji, ya ishe shi. Tun da mahaifiyarka ta rasu, kai kaɗai nake da shi, kuma ba zan raba wannan sunan da kowa ba.

Babanka