Rikodar Baba da batirin mashin

Malama, a taimaka wa babban injiniya, mai ma'aikata ɗari biyu a ƙarƙashinsa, wanda yau lissafi ya gagare shi.

Wani ma'aikacina ne ya yi ɓarna. Mahaifinsa ya rasu wata bakwai da suka wuce, ya bar wata tsohuwar rikoda da kaset ɗaya mai ɗauke da muryarsa yana karatu. Kullum da safe mahaifiyarsa takan ɗora ta a bakin taga ta kunna, tana shara tana saurare. Tun rasuwar ba ta yi dariya ba, alhali yaron nan shi ne sarkin tsokanar gidan, wanda ya taɓa ɗinke wa yayansa ƙafar wando ranar da zai je neman aiki.

Sai ya cire kaset ɗin mahaifin, ya saka wani, ya ɗauki tasa muryar yana kwaikwayon maƙwabcinsu mai masifa. A bayan rikodar an rubuta bolt 6, amfiya rabi. Ya ce in ya ba ta batirin mashin mai bolt 12, ai ninki biyu ne kawai, murya za ta yi gudu kamar ta ɓera, tsohuwa ta sheƙe da dariya. Ta yi gudun kuwa, na ɗan lokaci. Sai hayaƙi da ƙauri.

Ya mayar da kaset ɗin mahaifin, ya ajiye rikodar a wurinta. Da safe Umma ta danna, ta sake dannawa, shiru. Ba ta tuhumi kowa ba. Cewa ta yi ita ma ta bi mai ita. Har yau tana goge mata ƙura.

Ki duba min da lissafi, ko dai dama kwananta ne ya ƙare?

Kin ga na ce Umma. To, ni ba injiniya ba ne. Allo kawai na yi, ma'aikaci ko ɗaya ba ni da shi. Ni ne.

Autan Umma

AMSA

Ranka ya daɗe injiniya, tun daga maganar wando na gane ka.

Na tambayi mai gyaran rediyo, ga abin da ya ce. Raba bolt 6 da rabin amfiya, turjiyar da rikodar ke yi wa wuta om 12 ce. Ninka bolt 6 da rabin amfiya, ƙarfin da take ci wat 3 ne. Da ka ba ta bolt 12, turjiyar kusan tana nan, sai wutar da ke ratsa ta ta koma amfiya ɗaya. Sha biyu sau ɗaya, wat 12. Ninki huɗu ke nan, ɗana, ba biyu ba. Kwananta bai ƙare ba, kai ka ƙona ta.

Niyyarka kyakkyawa ce, dariyar mahaifiyarka ka nema. Laifin da ya fi ƙunar nauyi shi ne barin ta tana makoki na biyu. Ka zauna gabanta ka faɗa mata, ba da murya irin ta wasa ba. Za ta yi fushi, ka jure.

Sannan ka kai rikodar gyara, sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne ke ƙonewa. Ka sa a kwafe kaset ɗin a waya. Muryar Baba tana nan lafiya, domin kai da hannunka ka cire ta kafin ka yi wautar. Ka fara gaya wa Umma wannan.

Allah ya jiƙan Baba, ya dawo muku da dariya gida.