Baturen da Na Kai Gaisuwar Surukai

Zuwa ga Rumaisa, sanyin idona, dabinon Madina a cikin mata, iskar teku mai zuwa bayan la'asar sa'ad da Jidda ta gama gasa bayin Allah,

Assalamu alaikum. Ina miki gaisuwar mutumin da abinci ya daina yi masa daɗi tun ranar Asabar. Na san kin fi jin Hausa da kunne a kan karanta ta, to ki bi a hankali, amma don girman Allah kada ki ba Wejdan ta karanta miki. Ƙanwar nan taki ta riga ta yi mini dariyar da za ta ishe ni har in koma Najeriya.

Ya hasken raina, kin tuna ranar da na fara shiga shagon Baba a Bab Makka, ina neman yadin da zan aika wa mahaifiyata? Na zaɓi wani mai manyan furanni ina ta yaba kaina, kika dube shi, kika dube ni, kika ce wannan ai na labule ne. Wayyo ni! Ban taɓa jin an kunyata mutum da murya mai daɗi haka ba. Na fita da yadin da kika zaɓa, na bar hankalina a shagon, har yau ban koma na ɗauko shi ba.

To me ya kai ni aikata abin da na aikata? Son ki ne, wallahi, da rashin dangi a kusa. A garinmu saurayi ba ya zuwa gaida iyayen yarinya shi kaɗai kamar mai duba mitar wuta, da dattijo yake zuwa. Kawuna bai samu biza ba. Na duba duk kamfaninmu na safiyo ban ga mai furfura ba sai Mista Desmond, tsohon Baturen ƙasar Ailan da muke awon fili tare. Na roƙe shi ya raka ni gidanku a Waziriyya ranar Asabar, ya zauna, ya yi shiru, ya yi kwarjini. Ya amsa da murna, har ya ce ƙulla aure sana'ar gidansu ce tun kaka da kakanni.

Ashe ban tambayi irin auren ba! Mutanensu masu gandaye ne, kuma a wurinsu gona ce ke auren gona, ango da amarya rakiya kawai suke yi. Ko gahawa ba mu gama sha ba ya ce in tambayi Baba girman filin da za ki zo da shi, kuma ko akwai rafi a ciki. Ni ne fa tafinta, Rumaisa! Sai na ce wa Baba yana tambayar lafiyar kasuwa.

Da a nan abin ya tsaya, da na tsira. Sai kakarki Hajiya Hadjara ta ce a tambayi Baturen ɗan gidan wane ne. Kin taɓa ganin tunkiya ta hango an buɗe buhun dusa? Haka idonsa ya yi. Ya faro daga wani kakansa da ya auri bazawara saboda dajinta ya yi iyaka da nasa, ya gangaro kan ɗansa da ya auri 'yar kawunsa don kada a raba wani tafki, ya zo kan wanda ya ɗauki sunan gidan matarsa ya jona da nasa, domin surukinsa ya rantse in ba haka ba ko bargar dawaki ba zai gada ba. Hajiya ta gyara zama. Ta ajiye carbi! Ta mayar masa da nata, tun daga kakan kakanta da ya taso daga Damagaram da ƙafa, ya yi noma a Sudan, ya auri 'yar mai jirgin ruwan da ya tsallako da shi. Shi ya jefo Kanar, ita ta jefo Alƙali. Ni kuwa ina tsakiya ina ta juya matattu daga Turanci zuwa Hausa har maƙogwarona ya bushe. Aka kira magariba ba wanda ya ambaci sunanki, balle nawa, kuma ina jiyo ki a bayan ƙofa ke da Wejdan kuna shaƙewa da dariya.

Sai da muka miƙe Hajiya ta tuna da ni, ta ce in kawo nawa. Na ce Isha'aku ɗan Mamman ɗan Tanko. Ta jira. Mista Desmond ya jira. Halas, kayana sun ƙare. Ta ce in dawo ranar Juma'a da sauran, domin Abdulkahar jikan ƙawarta, wanda shi ma yake neman ki, ana iya bin nasa har Abeche ta ƙasar Cadi ba tuntuɓe, kuma ita ba ta ba da jika ga mutumin da ya tsiro kamar lalo a bayan gida.

Babu sauran, masoyiyata. Kakana Tanko maraya ne. Wata mai sayar da tuwo ce ta tsince shi a tashar Funtuwa, ya girma yana dakon auduga, ya rasu bai san sunan ubansa ba. Ina alfahari da shi, amma ranar nan na ji zafin da ban taɓa ji ba, kuma tsoron rasa ki ya hana ni sakat. Jiya na auna fili guda na rubuta sunanki a wurin sunan mai shi. Ina amfanin ɗakina na unguwar Safa, da iƙamata ta zama a ƙasar nan, da dukan hasken Jidda, in wani ne zai riƙa jin muryarki da safe?

A mota Mista Desmond ya ce in kwantar da hankalina, zai tsara mini kakanni kafin Juma'a, har da tambarin gida mai zaki da takobi. Ya ce nasu ma na farkon mai fataucin man shanu ne, da ya samu sai ya sayi gandu, ya haɗa da kujeru da hotunan kakannin mai gandun, ya rataye abinsa a zaure. Shi kansa ƙaramin ɗa ne. Wansa ya kwashe gida da gona bisa al'adarsu, aka bar shi da sunaye, ga shi yana auna filin wasu a cikin rana. Na yi masa godiya, na ƙi. Yaya zan shiga gidanku da kakannin aro? Me zan faɗa wa 'ya'yanmu ranar da suka tambaye ni inda muka samo zaki?

Ya ke inuwata a tsakar rana, ya ke ruwan farko bayan dogon zafi, ranar Juma'a zan zo ni kaɗai, ba Bature, ba tambari. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin in iso ki zauna kusa da Hajiya, ki matsa mata ƙafa, ki faɗa mata da bakinki wanda kike so, da Hausa ko da Larabci, duk wanda ya fara zuwa. In ta ce ba ni da kakanni, kada ki yi mata musu. Ki ce mata ina da niyyar zama kakan wasu, kuma ba zan iya ni kaɗai ba.

Naki yau, naki gobe, naki ranar da haƙoranmu suka zube, ba na wata ba har ƙasa ta rufe idona,

Isha'aku