Tsakuwa Bakwai a Bakin Zanen Inna

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ƙasar Urafane ta rufe yau shekara biyu.

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Na san ko da kina raye ba ki karanta boko, balle yanzu. Amma akwai maganar da na riƙe shekara goma sha tara ta ƙi haɗiyuwa, kuma tunda a gaban mutane aka kunyata ki saboda ni, gara in faɗe ta inda mutane za su gani.

Ni na zubar da tsakuwoyinki, Inna, ranar sunan ɗan Yaya Sani. Ni ce.

Bakwai ne, ƙulle a bakin zanenki na dama. Farar ita ce ruwan rijiya, baƙar girki, mai faɗin nan abincin Baba na gona, jar kuma awaki. Kullum da safe kina jera su a gindin murhu ki raɗa wa kowace aikinta. In kin gama aiki sai ki mayar da tsakuwarsa ƙullin hagu, kuma ba kya taɓa ta biyu sai ta farko ta ƙaura. Garinmu rairayi ne, tsakuwa sai an nema. Naki kin tsince su ne tun lokacin da aka haƙa rijiyar unguwa, har hannunki ya san kowace ba sai kin duba ba.

Kowa ya san ki da mantuwa. Za ki tafi ɗebo gishiri ki dawo da tsintsiya, ki tsaya sharar ƙofar gida miya na kamawa. In an yi miki tsiya sai ki yi dariya ki ce, "Kaina kasuwar Urafane ne, kowa na kira na lokaci guda. Tsakuwa ka hwaɗa mini wa zan amsa ma."

Ni kuwa lokacin ina koleji a Tasawa, shekarata goma sha biyar, na iya Faransanci kaɗan, ina ganin duk wayon duniya a jakata yake. Da na ji dangin matar Yaya za su zo daga Maraɗi, sai gabana ya faɗi. Na ce za su ga uwata tana lissafi da duwatsu su ce tsafi ne, ko su ce ba ta da cikakken hankali. Kin shiga wanka, kin ajiye ƙullin a kan murfin randa kafin ki ɗaura sabon zane. Na kwance shi na watsa su bayan danga.

Na ga kina laluben bakin zanenki wuni guda, hannunki na komawa inda babu komai. Tukunya ɗaya ta sha gishiri sau biyu, ɗayar ko ƙwaya ba ta gani ba. Ba a kai wa liman rabonsa ba. Kunun maijego bai sauka ba sai bayan azahar. Baba, wanda bai saba ɗaga murya ba, ya tsaya a gaban surukai ya ce, "Ke wai yaushe za ki yi hankali?" Kika sunkuyar da kai. Ina tsaye da faranti a hannu ina kallo. Kika ɗago kika dube ni sau ɗaya, kika tambaye ni ko na ci abinci.

To Inna, ga ɗiyarki mai wayo yau. Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Mayahi, kuma kasuwar nan taki ta tare a kaina da rumfunanta duka. Ina rubuta ayyukan wuni a kaye, littafin rubutuna, in manta inda na ajiye kayen. Waya ta yi ƙara don ta tuna mini abu, in kashe ta, in tsaya ina tunanin me ma ta ce. Na daɗe ina ɓoyewa, ina cewa gajiya ce.

Watan jiya asirina ya tonu. Ranar jarrabawa ce, ga baƙi a gida, ga wanki jiƙe, ga moto, babur ɗina, ba esansi, ko ɗigon fetur babu. Na isa lakwal da gumi, yara sun zauna shiru suna jira, sai na buɗe jaka na ga takardun jarrabawar ba su ciki. A kan murfin randa na bar su, Inna, wallahi a kan murfin randa. Direkta, shugaban lakwal ɗinmu, ya tsaya gaban sauran malamai ya ce, "Madam, yaushe za ki nutsu?" Ya ce in aka sake zai rubuta wa na sama, kin kuwa san da aikin nan nake riƙe da gidana. Ban ji zafin maganarsa kamar yadda na ji muryar Baba a cikinta ba.

Na je wurin wani likita a Maraɗi. Ya saurare ni da kyau, ya kira abin da wani suna na Faransanci, ya ce ba lalaci ba ne, ba kuma rashin hankali ba, haka Allah ya gina kan wasu, kuma yakan bi jini. Shawararsa ita ce in yanka wunina ƙanana, in ba kowane aiki wata alama da hannu zai iya taɓawa, in kama ɗaya sai na gama. Na fashe da dariya a gabansa, dariyar ta koma kuka. Kuɗin mota na biya har Maraɗi don a karanta mini bakin zanenki.

Daga can Urafane na wuce, na faɗa wa ɗiyarki Yaya Hajara komai, karo na farko da bakina ya iya. Ba ta yi mamaki ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsumma a ƙulle. Ta ce ta ramin danga kika gan ni ranar, kuma bayan an watse kwana uku kika yi kina tankaɗe rairayin bayan gida da rariya. Shida kika samu, kika cike ta bakwai da ƙwallon dabino. Ta ce da ciwonki ya tsananta kika ba ta ajiya, kika ce, "Ki ba Rabi ranar da kaye ya gaza mata. Kanmu guda da ita, kar ki matsa mata."

Ashe kin san ni tun ban san kaina ba. Ina jin kunyarki a gaban baƙi, ke kuwa kina yi mini tanadi.

Gobe akwai wata jarrabawar. Na ƙulle tsakuwoyin a bakin mayafina, malamai su yi ta kallo in sun so. Farar ita ce takardu, baƙar girki, jar esansi. Kwana goma sha ɗaya ke nan ban manta komai mai nauyi ba, sai dai gishiri sau ɗaya, wannan kuwa gado ne. Ƙwallon dabinon na ba shi aikin neman gafararki. Kowace yamma sauran shidan suna komawa hagu, shi yana nan a dama, don ban san yadda ake gama wannan aikin ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna a kan shirun da kika yi mini. Ya gafarta wa Baba, bai sani ba. Ni da na sani, ki yafe mini.

Ɗiyarki mai kai irin naki,
Rabi